Tsohuwar Bindiga da Harsashin da Ya Dace da Ita

A Ingila da Amurka akwai waɗansu mutane da ba su sayen harsashin bindigarsu a kanti. Su da kansu suke ɗura shi a gida, ɗaya bayan ɗaya, da ma'auni da littafi a gabansu. Da yawa cikinsu masu tsofaffin bindigogi ne irin na harbin tsuntsu, masu baki biyu, waɗanda aka ƙera shekara ɗari ko fiye da suka wuce. Wanda ya ji haka zai yi tsammani rowa ce, ko kuwa suna neman harsashi mai ƙarfi fiye da na kanti. Ba haka ba ne. Suna ɗura nasu ne domin su sami harsashi gajere, mai sauƙin ƙarfi, gama na kanti ya fi ƙarfin bindigar.

Wannan magana ta shafe mu. A ƙauyukanmu akwai irin waɗannan bindigogi, waɗansu tun na zamanin Turawa, sun bi hannu daga kaka zuwa jika. Ana tsaron gona da su, ana harbin zabon daji da fakara da rani. Maigida yakan aika a sayo masa harsashi, in dai ya shiga bindiga ta rufu, sai ya ce ya yi. Abin da mutanen can suka sani a kan tsohuwar bindiga shi nake so in bayyana, domin yana iya ceton yatsun mutum ko idonsa.

Tun da fari sai mu san inda doka ta tsaya. A Amurka an yarda mutum ya ɗura harsashi domin amfanin kansa. A Ingila ma an yarda, amma mai son ajiye baƙin albarushi sai ya sami takardar izni daga 'yan sanda. A Nijeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta ce riƙe bindiga sai da lasin, ta kuma hana mutum ƙera harsashi ko harhaɗa shi a gidansa. Saboda haka ba koyar da ɗurin harsashi nake yi ba. Dalilan da suka sa suke ɗurawa su ne abin koyo.

Me ke cikin harsashi?

Abu biyar ne a haɗe. Akwai kwanso, wanda dā da takarda mai kauri ake yinsa. A 1960 ne kamfanin Remington na Amurka ya fito da na roba, shi ne kuwa ya cika kasuwa yanzu. A tsakiyar gindin kwanson akwai wani ɗan abu kamar maɓallin riga, bari mu kira shi ƙyastu, gama shi ne ke ba da wuta. Sai albarushi. A bisa albarushi akwai matoshi, wanda ke raba shi da ƙwayoyin darma, ya kuma tare iska kada ta sulale. Sai ƙwayoyin da kansu, sa'an nan a naɗe bakin kwanson a rufe.

Sa'ad da aka ja kunama, guduma ta bugi ƙyastu, albarushi ya kama wuta ya zama iska mai zafi nan take. Iskar nan ta tura matoshi da darma gaba. Amma ba gaba kaɗai take turawa ba, tana tura bangon bututun bindiga ta kowane gefe. Masu yin harsashi a Amurka sun sa ƙa'ida cewa harsashi lamba 12 na yau da kullum kada matsinsa ya wuce laba 11,500 a kan kowane inci murabba'i. Iskar tayar ƙaramar mota laba 30 ce ko sama da haka kaɗan. Ku gwada biyun nan ku gani. Wannan matsi duka cikin ƙiftawar ido yake zuwa, a daidai wurin da ke tsakanin fuskar mai harbi da hannunsa na hagu.

Lambar da na ambata tana nuna faɗin ramin bututu. In aka raba laba ɗaya ta darma kashi 12 daidai, aka mulmula kowane kashi, ƙwallon da aka samu shi ne faɗin ramin bindiga lamba 12, watau milimita 18 da rabi. Lamba 16 ta fi ta tsukewa, lamba 20 ta fi su duka biyu. Yawancin masu bindiga sun san lambar tasu. Sai dai lamba faɗi kaɗai take faɗa, ba ta cewa kome a kan tsawon harsashi ko ƙarfinsa. A nan ne mutane ke ruɗewa.

Albarushi iri biyu ne

Bindigogin dā da baƙin albarushi aka yi su, irin wanda muka sani a bindigar toka, mai hayaƙi da wari. A 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya gano yadda za a yi albarushi marar hayaƙi wanda ya dace da aikin soja, daga nan sabon irin ya yi ta bazuwa har ya kori tsohon. Ba abu ɗaya ba ne da aka gyara, abu biyu ne dabam. Sabon ya fi ƙarfi nesa, kaɗan daga cikinsa yakan yi aikin mai yawa na tsohon. Wanda ya ɗebi sabon da ma'aunin tsohon ya zuba, bindiga za ta fashe a hannunsa, ko da jiya ta fito daga masana'anta.

Bututun ma ba irin na yanzu ba ne. Kafin a ƙware da huda sandar ƙarfe guda, maƙera sukan ɗauki siraran baƙin ƙarfe da na tama mai tauri, su murɗa su tare kamar igiya, su naɗe a jikin sanda, su yi ta dukansu cikin wuta har su zama ɗaya. Ana kiran wannan ƙirar Dimashƙu, ba don a can ake yi ba, sai don zanen da ke fitowa a jikinsa ya yi kama da na takubban da ake dangantawa da garin. A Ingila da Beljiyam aka fi yinsa. Wanda ya duba irin wannan bututu zai ga zane kamar tuƙar igiya ko saƙar tabarma. Yana da kyaun gani ƙwarai. Amma kowane layi na zanen nan mahaɗa ce, tsatsa kuwa mahaɗa take bi. Tana iya cin cikin bango inda ido ba ya gani, waje kuwa yana nan sumul. Masu kyau cikinsu har yau suna aiki, ana jarraba su su ci jarrabawa. Amma an yi masu araha da yawa domin sayarwa a ƙasashen waje, ba kuwa kowa ke iya rarrabe su ba.

Maganar tsawo

A ganina wannan ce ta fi ruɗi, ita ce kuma aka fi jahilta. A gindin bututu akwai wurin da harsashi ke zama, bari mu kira shi mazauni. Ya fi sauran ramin faɗi kaɗan. Daga ƙarshensa rami yake tsukewa kamar mazurari har ya kai faɗin bututun sosai. Yawancin tsofaffin bindigogin tsuntsu na Ingila mazauninsu inci 2½ ne, watau milimita 65. Harsashin da ya fi yawa a kasuwa yanzu milimita 70 ne. Akwai na 76, akwai ma na 89 wanda ya fito a Amurka a 1988.

To, ga inda tarkon yake. Tsawon da aka rubuta a jikin kwali ba tsawon harsashi ba ne sa'ad da yake a rufe. Tsawon kwanso ne bayan an harba, bakinsa ya buɗe ya miƙe. Harsashi mai milimita 70, tun da bakinsa a naɗe yake, zai shiga mazauni mai 65 salin alin, bindiga ta rufu ba gardama. Sai an ja kunama ne bakin kwanson zai nemi wurin miƙewa ya rasa, ya kwanta a cikin mazurarin, ya rage hanyar da matoshi da darma za su bi. Kamar taron mutane ne suna fita daga ɗaki a guje, wani ya ja ƙyaure ya rage ƙofar. Matsi ya ƙaru. Ƙarin da wannan kaɗai ke kawowa ba kullum yake da yawa ba, amma harsashin mai tsawo dā ma sau da yawa an ɗura shi da ƙarfin da ya wuce abin da aka gwada tsohuwar bindigar da shi. Abu biyu ke nan sun haɗu a kan ƙarfen da ya riga ya tsufa.

Ba lalle ta fashe ran farko ba, shi ya sa mutum yakan ce ai ya daɗe yana sa irin wannan, ba abin da ya faru. Abin yana faruwa ne a hankali. Bindiga ta fara duka da ƙarfi a kafaɗa. Bakin kwanson da aka harba ya fito a yage ko a tattaune. Mahaɗin bututu da gindi ya soma motsi, har in an ɗaga ta wajen haske a ga tsaga. Katakon ƙota, wanda ya sha mai shekara da shekaru ya yi laushi, ya tsage a bayan ƙarfe. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, bindigar ta riga ta yi masa magana.

Yaya mutum zai san abin da bindigarsa za ta ɗauka? A jikinta aka rubuta. A Ingila ba a sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji, an harba ta da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, in ta jure a buga mata hatimi. Ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ta sami iznin wannan aiki tun 1637, gidan gwaji na garin Bamingam kuwa an kafa shi a 1813, dukansu biyu suna aiki har yau. Beljiyam ma tana da nata a garin Liyej. In aka cire katakon gaba aka raba bututu da gindi, za a ga hatiman a ƙarƙashin bututun, kusa da mazauni. Haruffan NP ko BNP a bindigar Ingila suna nuna an gwada ta da albarushi marar hayaƙi. Sau da yawa akan ga tsawon mazauni ma a wurin, 2½ ko 2¾, ko 65 ko 70. Wadda ba ta da alamar sabon albarushi, a ɗauka ta baƙin albarushi ce kaɗai.

Amma fa hatimi shaidar ranar gwaji ce, ba ta yau ba. In tsatsa ta yi ramuka a cikin bututu, wani ya goge su don ya yi ƙyalli, bango ya rage kauri ke nan. Masu gyaran bindiga a Ingila suna da abin auna kaurin bango, ba su kuwa sakin jiki da bututun da kaurinsa ya gaza rabin milimita a inda ya fi sirantaka. Suna da wata dabara kuma da za ta ba mata dariya, gama irin tasu ce ta sayen tukunya a kasuwa: su rataye bututun a yatsa su ƙwanƙwasa. In ya yi ƙara kamar ƙararrawa, haɗin bututun biyu yana nan lafiya. In ya yi kamar fasasshiyar ƙwarya, haɗin ya saki. Wannan gwaji haɗin kaɗai yake nunawa, ba ƙarfin bango ba.

Yadda masu ɗurin suke yi

Yanzu an ga dalilinsu. Akwai kamfanoni da ke yin gajeren harsashi mai sauƙin ƙarfi, a Ingila ba shi da wuyar samu, amma a Amurka sai an nema, yana kuwa da tsada. Domin wannan mai tsohuwar bindiga yakan yanke kwanso ya rage tsawonsa, ko ya sayi na tagulla wanda ake ɗurawa sau da yawa, ya ɗura daidai ƙarfin bindigarsa.

Abin da ya fi burge ni cikin aikinsu shi ne ba wanda ke yi da ka. Kamfanonin albarushi da masu buga littattafan wannan sana'a suna da ɗakunan gwaji inda suke auna matsin kowane haɗi, su buga: irin kwanso kaza, ƙyastu kaza, albarushi kaza, matoshi kaza, nauyin darma kaza, ga matsin da ya bayar. Mai ɗuri yakan zaɓi haɗin da matsinsa ke ƙasa, ya bi shi daidai, ba ya musanya ko abu ɗaya, gama sauya ƙyastu kaɗai ko matoshi yana iya ɗaga matsi ba tare da an ga alama ba. Ma'auninsu ƙanƙane ne ƙwarai, laba ɗaya sun raba ta kashi 7,000, da irin wannan kashi suke auna albarushi. Ku gwada wannan da mutumin da ke tsintar kwanson da aka harba, ya zuba albarushin da bai san irinsa ba, da ido, ya cusa tsumma, ya cika da boris na keke ko guntayen ƙusa. Wannan ba ɗurin harsashi ba ne, caca ce da hannun hagu.

Darmar ma rage ta suke yi. W. W. Greener, sanannen maƙerin bindiga na Bamingam, ya bar wata ƙa'ida da ake bi har yau: nauyin bindiga ya kai ninki 96 na nauyin darmar da take harbawa. Oza ɗaya ta darma, watau giram 28, tana bukatar bindiga mai laba 6. In darma ta fi haka a bindiga marar nauyi, kafaɗa da ƙota ne za su biya. Oza ɗaya kuwa ba kaɗan ba ce. Ƙwayoyi lamba 6 na Ingila, waɗanda ake harbin tsuntsu da su, kimanin 270 ne a cikinta. Tsuntsun da 270 suka kuskure, ƙarin 50 ba zai kawo shi ƙasa ba, saitin ne bai yi ba, ko nisan ya yi yawa.

Da yawa cikinsu ma ba tsuntsu suke harbi ba. Dā a Turai tattabaru masu rai ake saki daga akwati a harbe su don gasa, har Ingila ta hana a 1921. A 1880 wani Ba'amurke, George Ligowsky, ya ƙago ɗan faifai na yumɓu wanda na'ura ke wurgawa sama, shi ne ya maye gurbin tattabara. Mai wannan wasa yakan yi harbi 50 ko 100 a yini, don haka harsashi marar nauyi ya fi masa. A gasar Olamfik ma ba a yarda darma ta wuce giram 24 ba. Wani abu kuma da zai yi wa manomi daɗin ji: manoman Ingila da yawa ba su yarda a harba harsashi mai matoshin roba a gonarsu, sai mai matoshin kwali da gashi wanda ke ruɓewa, domin roba tana daɗewa a makiyaya inda dabbobi ke kiwo.

Haɗari biyu da ba ruwansu da tsufa

Harsashi lamba 20 in ya faɗa cikin bindiga lamba 12, yakan zarce mazauni ya maƙale a mazurari, har ido ba zai gan shi ba. Mutum ya ga kamar ba kome a ciki, ya sa lamba 12 a bayansa, ya harba, bututu ya tarwatse. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke yin lamba 20 da launin rawaya kaɗai. Kada iri biyu su haɗu a aljihu ɗaya ko jaka ɗaya.

Na biyun namu ne na gida. Bindigar da aka rataye a bango tun kaka, zanzaro yakan shiga bakinta ya gina ɗakinsa na laka. Haka kuma in bakin ya caki ƙasa wajen tsallake kunya ko rafi. Laka kaɗan ta isa ta kumbura bututu ko ta tsaga shi. Kafin a sa harsashi, a karya bindiga a leƙa ramin ta wajen haske, kowane lokaci.

Darma

Abin da ya fi damun masu tsofaffin bindigogi a shekarun nan shi ne darma. Agwagin ruwa sukan haɗiye ƙwayoyin da suka zube a fadama, suna tsammani tsakuwa ce, gubar ta kashe su. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da darma a dukan ƙasar a 1991. Danmak ta hana ƙwayoyin darma ɗungum a 1996, Ingila ta hana su ga tsuntsayen ruwa a 1999, Tarayyar Turai kuma ta hana su a fadamu daga 2023. Abin da ya fi araha a madadinsu ƙwayoyin baƙin ƙarfe ne. Amma darma laushi gare ta, takan lotse ta wuce inda bututu ya tsuke. Ƙarfe ba ya lotsewa, sai ya kankare bututu ko ya kumbura shi kusa da baki. Tsohuwar bindigar da ba a gwada ta domin ƙwayoyin ƙarfe ba, ba a sa mata su. Mai ita sai ya koma ga wani ma'adini mai laushi da ake kira bismut, wanda kuɗinsa ya ninka na darma. Wannan ma yana cikin abin da ke sa su ɗura nasu.

Mu kam ba sai an gaya mana aikin darma ba. A 2010 gubarta ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gida. Gubar nan ɗaya ce da ta darmar tsohon batirin mota da waɗansu ke fasawa su narke a tsakar gida don yin ƙwayoyin bindiga. Ƙurarta tana zama a ƙasa inda yara ke rarrafe, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, abin da ta ɓata kuwa ba ya komowa. Tsuntsun da aka harbo ma, a bi hanyar kowace ƙwaya a cire ta, a yanke naman da ke kewaye da raunin a zubar kafin a sa a tukunya. Ƙananan yara da mata masu ciki, gara a ba su naman kazar gida.